Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Cinikin Samari a Jami'o'in Amurka

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza, to, haka shi ma wannan ɗan rubutu nawa yana da mafari. Wata gardama ce ta ɓarke a ɗakinmu na kwana wani dare bayan mun dawo daga karatu. Wani abokina ya nuna mana wani ɗan majigi a wayarsa: ga wani yaro baƙar fata ɗan Amurka, bai fi shekara 17 ba, yana zaune a zauren makarantarsu ta sakandare, mahaifiyarsa a gefensa, an jera huluna huɗu a gabansa, kowace hula da tambarin wata babbar jami'a. Yaron ya ɗauki ɗaya ya jujjuya ya ajiye, ya ɗauki wata ya ɗora a kansa. Nan take zaure ya kaure da sowa, uwa ta fashe da kuka. Abokin nan nawa ya ce, "Kai jama'a! Kun ga inda aka san darajar matashi. Jami'o'i ne ke layi suna roƙon yaro, mu kuwa a nan yaro ke layi yana roƙon jami'a." Ni kuma na ce abin da na gani ya fi kama da ranar kasuwa, sa'ad da aka gama ciniki aka ɗaura wa sa igiyar wanda ya saya. Aka yi mini ca, har wani ya ce hassada ce ke damuna. Tun da yake a ɗaki mai ƙarfin murya ne ke cin gardama, sai na ga gara in kawo hujjata nan, inda kowa zai karanta a natse.

Maganata ɗaya ce. Jami'ar da ta tashi takanas ta je neman yaro saboda ƙafarsa da ƙashinsa, ta rantse wa iyayensa ilmi za ta ba shi, alhali kuwa ta san aiki za ta sa shi, ta ci amana sau biyu: ta ci amanar yaron, ta kuma ci amanar sunan jami'a. Kuɗin da yaran suka fara samu a 'yan shekarun nan ba su dame ni ba ko kaɗan. Abin da ke ba ni haushi shi ne ƙaryar da aka lulluɓe cinikin da ita fiye da shekara ɗari.

Kafin in yi nisa, bari in warware wa mai karatu wani abu. Wasan da nake magana a kai ba tamaular da muka sani ba ce. Ƙwallon Amurkawa mai siffar gwanda ce, rungumarta ake yi a ruga da ita ko a jefa ta da hannu, mutum sha ɗaya kowane ɓangare, sanye da kwalkwali da sulke kamar 'yan lifida, ana karo da juna kamar raguna. Jami'o'in Rutgers da Princeton ne suka fara karawa a 1869. A yau filin wasan Jami'ar Mishigan yana cin mutum 107,601. A 2022 gungun jami'o'in da ake kira Big Ten ya sayar wa gidajen talabijin izinin nuna wasanninsa na shekara bakwai a kan fiye da dala biliyan 7. Wannan dukiya duk a wuyan samari masu shekara 18 zuwa 23 take rataye, kuma kowace shekara sai wasu sun gama sun tafi, watau dole a nemo sababbi. Kocin da ya kasa jawo yara nagari, sallamarsa ba ta da nisa. Wannan shi ne tushen kokawar da ake yi a ƙofar makarantun sakandare.

To, yaya ake zawarcin? Tun yaro bai fara gemu ba, wasu kamfanoni irin su Rivals da 247Sports suke bin tsawonsa da nauyinsa da gudunsa, su ba shi taurari kamar yadda ake yi wa otal. Mafi daraja shi ne mai tauraro biyar, kuma irinsu ba su wuce talatin da 'yan kai a shekara a duk faɗin ƙasar. Da zarar sunan yaro ya fito, wayarsa ba ta sake hutawa. Kociyoyi su riƙa sintiri, wasu har da jirgi mai saukar ungulu suke dira a filin makarantar don a san sun iso. Babban koci ya zo gida, ya zauna a falo, ya ci abincin uwar yaro ya yaba, sa'an nan ya dube ta ya ce zai riƙe mata ɗa tamkar ɗan cikinsa. Daga nan sai a gayyaci yaron da iyayensa ziyarar kwana biyu, jami'a ta ɗauki nauyin jirgi da masauki da ci da sha. A watan Yuni na 2022, Jami'ar Teksas ta kashe kusan dala 280,000 a ƙarshen mako guda wajen karɓar yara tara, cikinsu har da Arch Manning. A shekarar kuɗi ta 2022, Jami'ar Jojiya ta kashe dala miliyan 4.5 a kan wannan zawarci kaɗai.

Bayan toshi kuma sai a zaga da yaro ya ga ɗakin da za a kai shi. A 2013 Jami'ar Oregon ta buɗe wa 'yan ƙwallonta gini na dala miliyan 68, har da shagon aski a ciki, da kuɗin Phil Knight mai kamfanin Nike. A 2017 Clemson ta buɗe nata na dala miliyan 55, har da wurin zamiya irin na yara. A 2019 Jami'ar Jihar Luwiziyana ta kashe dala miliyan 28 wajen gyara ginin 'yan wasanta, kowane da ɗan gadonsa kamar na babban jirgin sama, a daidai lokacin da malamai da ɗalibai suke kukan cewa ɗakin karatun jami'ar ya lalace, ruwa yana shiga. Ina tambayar abokina: a cikin dukan wannan zagaye, wa ya ji an ce an tsaya da yaro a ɗakin karatu an nuna masa littattafan da zai karanta?

Shi kuwa alkawarin "tamkar ɗan cikina", ga yadda yake ƙarewa. A Janairun 2010, koci Lane Kiffin ya bar Jami'ar Tennessee bayan shekara ɗaya tak, ana saura 'yan makonni yaran da ya zawarto su sa hannu. Da isarsa Jami'ar Kudancin Kalifoniya, sai ya yi wa wani yaro ɗan shekara 13, David Sills, alkawarin gurbi. Kafin yaron ya gama sakandare an kori kocin a 2013, yaron ya ƙare a wata jami'ar dabam. A ƙarshen Nuwamban 2025, shi dai wannan Kiffin ya bar Jami'ar Misisifi ya koma Luwiziyana, ana gab da shiga wasannin neman kofin ƙasa. Kafinsa, a 2021, Brian Kelly ya bar Notre Dame, yaransa suka fara jin labari a bakin duniya kafin su ji daga bakinsa. Amma har zuwa 2021, ɗan wasan da ya sauya jami'a doka takan tilasta masa zaman shekara guda ba wasa. Uba yana da ikon tashi ranar da ya ga dama, ɗa kuwa an ɗaure shi a turke.

Kada mai karatu ya zaci wannan ɓarna ta zamani ce. A 1905 'yan wasa aƙalla 18 suka mutu a filayen makarantu, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa ya ja musu kunne. Daga wannan ne aka kafa hukumar wasannin jami'o'i a 1906, wadda daga baya aka sa wa suna NCAA. Ita ce ta ce ɗan wasan jami'a ba ya karɓar kuɗi, don sha'awa yake yi. Amma a 1929 Gidauniyar Carnegie ta yi bincike, ta tarar mafi yawan makarantun da ta duba suna farautar 'yan wasa suna kuma tallafa musu ta bayan fage. Ashe dokar ba ta hana ciniki ba, ta dai mayar da shi cikin hannun riga, irin na dillalan kara, inda yatsu ke magana, mai kaya yana tsaye bai san nawa aka sallama ba.

Ga misali biyu. A 1987 NCAA ta yanke wa Jami'ar SMU ta birnin Dallas abin da suke kira hukuncin kisa, watau hana ta wasa shekara guda cur, domin an gano ana biyan 'yan wasa 13 kuɗi dala 61,000 daga aljihun wani attajiri mai goyon bayan ƙungiyar, alhali jami'ar tana cikin wani horon na irin wannan laifi. Wa ya amince a ci gaba da biyan? Bill Clements, shugaban hukumar gudanarwar jami'ar, wanda a lokacin da ya amsa laifin da bakinsa shi ne Gwamnan Jihar Teksas. Na biyu ya fi muni. A birnin Memphis, wani kocin sakandare mai suna Lynn Lang ya yi tallar ɗalibinsa Albert Means ga jami'o'i, daga baya ya shaida wa kotu cewa ya karɓi dala 150,000 daga wani attajiri mai goyon bayan Alabama, Logan Young, don ya karkata yaron can a 2000. Kotu ta kama Young da laifi a 2005. Malami ya sayar da almajirinsa, ya soke la'ada a aljihu. Idan wannan ba cinikin mutum ba ne, ina so a gaya mini sunansa.

Mu da muke nazarin harshe mun san aikin da suna yake yi, kuma a nan ne dabarar ta fi ba ni tsoro. Walter Byers, wanda ya shugabanci NCAA tun daga 1951 har fiye da shekara talatin, ya faɗa a littafinsa na 1995 cewa da gangan suka ƙirƙiro laƙabin "ɗalibi ɗan wasa", suka cusa shi a bakin kowa, domin kada kotu ta ɗauki yaran a matsayin ma'aikata, balle a biya su diyya in sun ji rauni. Dabarar kuwa ta ci. A 1955 wani ɗan wasa, Ray Dennison, ya mutu bayan karo a fili a Jihar Kolorado. Matarsa ta nemi diyyar ma'aikaci, Kotun Ƙolin jihar ta hana ta a 1957, bisa hujjar cewa makarantar ba sana'ar ƙwallo take yi ba. A 1974 Kent Waldrep na Jami'ar TCU ya karye a wuya a wasa da Alabama, jikinsa ya shanye. Ya yi ta shari'a har 2000, aka ce masa shi ɗalibi ne. Da kalma ɗaya aka toshe bakin gwauruwa da na gurgu.

Na san abin da abokina zai ce, domin ya faɗa a daren: ai an ba yaro sukolashif, karatu kyauta a ƙasar da kuɗin jami'a ke karya magidanci. Gaskiya ne, kuma ba na musun cewa dubban yara sun yi digiri ta wannan hanya, wasunsu su ne na farko a zuriyarsu. Amma mu duba irin karatun. Dokar NCAA ta ce kada horo ya wuce awa 20 a mako, binciken da ita kanta hukumar ta yi ya nuna 'yan ƙwallon manyan jami'o'i suna kashe wajen awa 40 ko fiye a mako a lokacin gasa. Wane ɗalibi ne a cikinmu zai yi dako awa 40 a mako, a buga masa kai da ƙasa, sa'an nan ya zauna ya yi nazari? Saboda haka akan tura su kwasa-kwasan da ba za su ci karo da lokacin horo ba, ko suna so ko ba sa so. A 1989 Dexter Manley, shahararren ɗan wasa ɗan shekara 30, ya zauna gaban wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka yana hawaye, ya ce ya yi shekara huɗu a Jami'ar Jihar Oklahoma bai iya karatu ba.

Wanda ya fi sosa mini rai shi ne na Jami'ar Karolina ta Arewa. Binciken da Kenneth Wainstein ya fitar a 2014 ya nuna cewa daga 1993 zuwa 2011, ɗalibai fiye da 3,100, kusan rabinsu 'yan wasa, sun bi ta wasu kwasa-kwasan bogi: ba lacca, ba malami, sai takarda ɗaya da sakatariyar sashe take ba maki mai tsoka. A wane sashe aka yi wannan? Sashen nazarin Afirka da baƙar fatar Amurka. Har da kwas na harshen Suwahili, inda ɗalibi zai cika sharaɗin koyon harshe ta hanyar rubuta takarda da Turanci. Ya 'yan'uwana masu nazarin harsunan Afirka, ku ji fa! Da aka tashi neman juji da za a zuba sharar wannan ciniki, sai aka zaɓi fanninmu. A 2017 kuma NCAA ta ce ba ta da hurumin hukunta jami'ar, domin kwasa-kwasan a buɗe suke ga kowa da kowa.

Shi kansa sukolashif ɗin ba shi da tabbas. Daga 1973 zuwa 2012 doka ta ce na shekara ɗai-ɗai ne, koci ya sabunta in ya ga dama. Wasu kociyoyi sukan ɗebi yara fiye da guraben da suke da su, kamar yadda Houston Nutt ya sa yara 37 suka sa hannu a Misisifi a 2009, alhali 25 doka ta yarda a ba gurbi a shekara. A Disamban 2022, ranar da Deion Sanders ya fara ganawa da 'yan wasan Jami'ar Kolorado, ce musu ya yi yana tafe da nasa yaran, su fara neman wani wuri. Fiye da 50 suka bar ƙungiyar. Ka taɓa jin sabon shugaban sashe ya zo ya ce wa ɗalibai su tattara nasu ya nasu, ya zo da nasa ɗaliban? Wanda ake iya sallama don bai yi wa maigida amfani ba, sunansa ma'aikaci, ko da an rataya masa katin ɗalibi.

Akwai kuma maganar launin fata, wadda ba a tsallake ta. Jami'ar Alabama ba ta sa baƙar fata a wasanta ba sai 1971. Binciken da Farfesa Shaun Harper ya fitar a 2018 ya nuna cewa a manyan jami'o'in wasanni 65, maza baƙar fata ba su wuce kashi 2.4 cikin ɗari na ɗalibai ba, amma su ne kashi 55 cikin ɗari na 'yan ƙwallo. Ƙofar fili a wangale take, ƙofar aji kuwa sai an matsa. Jami'ar da ta san hanyar unguwar talakawa idan akwai yaro mai gudu, me ya sa take ɓata hanya idan yaron lissafi ya iya?

Hujja ta biyu da aka kawo mini ita ce, ai daga nan ne yaro zai shiga gasar ƙwararru ta NFL ya zama attajiri. To, mu yi lissafi. Yara kusan miliyan ɗaya ke buga wannan wasa a sakandaren Amurka. A 2025 mutum 257 aka zaɓa zuwa NFL. Ko cikin 'yan wasan jami'a, ƙididdigar NCAA ta nuna ba su kai biyu cikin ɗari ba waɗanda ke samun shiga. Sauran fa? Ku ji labarin Marcus Dupree, ɗan wani ƙaramin gari a Misisifi. A 1981 babu yaron da ake rububinsa kamarsa, wakilan jami'o'i suka tare a masaukin garin makonni, har Willie Morris ya rubuta littafi sukutum a kan zawarcin. Ya zaɓi Oklahoma a 1982, ya yi abin mamaki a shekararsa ta farko, amma kocinsa ya riƙa sukarsa a bainar jama'a. A 1983 aka buge shi a ka, ya bar jami'ar. A 1985, yana ɗan shekara 20, gwiwarsa ta lalace. Ya ɗan dawo fili a 1990, daga baya ya koma tuƙin babbar mota. Tuƙi sana'a ce mai daraja, amma ina waɗanda suka kwana a ƙofar gidansu? Daɗin daɗawa, a 2017 likitocin Jami'ar Boston sun duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan wasa da iyalansu suka bayar bayan mutuwa, suka sami cutar lalacewar ƙwaƙwalwa da ake dangantawa da yawan karo a 48 daga cikin 53 na waɗanda suka tsaya a matakin jami'a. A 2018 Jordan McNair, ɗan shekara 19, ya mutu bayan zafi ya buge shi a wurin horo a Jami'ar Maryland. Babu kocin da ke faɗin wannan a falon uwar yaro.

Hujja ta uku ita ce wadda dattawan wasan suke yi, ta kuma bambanta da ta abokina. Su cewa suke yi da can wasa tsarkakakke ne, kuɗi ne ya ɓata shi tun 2021. Abin da ya faru shi ne, a Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka su tara, baki ɗaya, suka ka da NCAA a shari'ar Alston. Ranar 1 ga Yuli hukumar ta sassauta, ta yarda ɗan wasa ya ci kuɗi da sunansa da hotonsa. Nan da nan attajirai magoya baya suka kafa asusu-asusu, abin da ake yi a cikin hannun riga ya fito fili. A 2022 Nick Saban na Alabama ya zargi Jami'ar Teksas A&M da sayen yaranta, kocinta Jimbo Fisher ya mayar masa da martani mai zafi. A Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da wani sulhu wanda ya sa za a biya tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8, ya kuma ba kowace jami'a izinin raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Su waɗannan dattawa ina suke sa'ad da Teksas A&M ta kori Fisher a 2023 ta kuma ɗauki nauyin biyansa fiye da dala miliyan 75 don ya zauna a gida? Ina suke sa'ad da Jojiya ta kai albashin Kirby Smart dala miliyan 13 a shekara a 2024? A wurinsu kuɗi bai zama najasa ba sai ranar da ya taɓa hannun yaro. Reggie Bush ya ci lambar Heisman ta gwarzon shekara a 2005, ya mayar da ita a 2010 saboda shi da iyalinsa sun karɓi alheri daga dillalai, sa'an nan a 2024 aka dawo masa da ita. Laifin jiya ya zama halas yau, ba kuwa don wani ya tuba ba, kotu ce ta murɗe musu hannu.

Amma kada abokina ya yi murna, domin har yanzu yaro ne mai rauni a kasuwar. A Nuwamban 2022 Jaden Rashada ya fasa zuwa Miami ya zaɓi Fulorida bisa yarjejeniyar dala miliyan 13.85 da wani asusun magoya baya. Kafin wata guda ya cika aka soke yarjejeniyar. Ya koma Jami'ar Jihar Arizona, ya koma Jojiya, a Mayun 2024 ya kai ƙara kotu. A Satumban 2024 Matthew Sluka ya ajiye wasa a Jami'ar Nevada ta Las Vegas bayan wasa uku, wakilinsa ya ce an yi masa alkawarin dala 100,000 da baki ba a cika ba, jami'a ta musa. Koci yana da lauya da kwantiragi mai hatimi, yaro ɗan shekara 17 kuwa sau da yawa romon baka yake riƙe da shi. Sulhun 2025 ma bai kira shi ma'aikaci ba.

To, mene ne mafita? Ni a ganina hanya biyu ce, jami'a ta zaɓi ɗaya. In sana'a take yi, ta faɗa da bakinta: ta ɗauki yaran a matsayin ma'aikata, da kwantiragi a rubuce, da ƙungiyar da za ta yi magana da yawunsu, da magani har bayan sun bar fili, da gurbin karatun da koci ba shi da ikon taɓawa, wanda yaro zai iya dawowa ya ƙarasa ko bayan shekara goma. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In kuwa ilmi take bayarwa, ta ɗauki ɗalibi da ma'aunin da take ɗaukar kowa, ya yi wasa da yamma don motsa jini. Wannan ba mafarki ba ne. Harvard da Yale da 'yan'uwansu ba su ba da sukolashif don wasa. Jami'ar Shikago, wadda ɗan wasanta ne ya fara cin lambar Heisman a 1935, ta daina babbar gasa a 1939 a zamanin Robert Hutchins, kuma a ƙarƙashin benayen filin nan da aka bari ne Enrico Fermi da abokan aikinsa suka tayar da tukunyar nukiliya ta farko a duniya a 1942. Barin ƙwallo bai rage mata komai ba a fagen ilmi.

Wani zai ce ina ruwanmu da rigimar Amurkawa? Ruwanmu shi ne komar ta fara isowa gaɓarmu. A 2014 wani yaro ɗan Jihar Delta, Prince Tega Wanogho, ya tafi wata sakandare a Alabama don ƙwallon kwando, ya buga wannan wasa kaka ɗaya, manyan jami'o'i suka yi masa caa, ya shiga Auburn a 2015. NFL ta buɗe sansanin neman samari a Akara a 2022, ta kuma yi a Ikko a 2024. Ba na ce kada ƙaninka ya tafi in dama ta zo masa ba. Cewa na yi kafin ya ɗora hular kowa a kansa, a tambayi mai zawarcin abin da zai faru ranar da gwiwa ta ƙi, da ranar da koci ya tashi, a kuma ce ya rubuta amsar ya sa hannu.

Shi kuwa abokina da ya ce can ne aka san darajar matashi, ina tuna masa cewa mahauci ma ya san darajar sa, shi ya sa yake shafa masa tozo. Jami'a wurin da ake neman mutum ne saboda abin da zai zama bayan ƙarfinsa ya ƙare. Wanda duk bai yarda da ni ba, ga fili ga mai doki, ya ɗauko alƙalami mu haɗu a fitowa ta gaba. Nan zan dakata.